Tabawa a Birnin Ƙagaggu

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta.

Akwai wani birni da ake kira Birnin Ƙagaggu. Duk mutum ko aljani ko dabbar da aka taɓa ƙagawa a cikin labari, da mai labarin ya rufe baki, can suke komawa su ci gaba da zamansu. Birnin ba shi da hanya a bayan ƙasa, ba a zuwansa a kan jaki, ba a zuwansa a mota. Ƙofarsa ɗaya ce, kuma ba ta buɗewa sai ga wanda ya yi tatsuniya da rana tsaka. Shi ya sa tsofaffi ke cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Yara suna ɗauka dabara ce ta a tashe su aike. To, ku ji yadda ta kasance da Tabawa.

Tabawa dattijuwa ce a ƙauyen Gangaren Marke, mai sana'ar daddawa. An san ta da abu biyu, haƙuri da zaƙin baki wajen addu'a. Ba a watsewa daga suna ko biki sai an ce, "Ina Tabawa? Ta zo ta shafa mana." In ta fara jero kalmomi, har masu tuyar waina sai sun dakata. Amma akwai abin da mutane ba su sani ba. In ta kaɗaice a ɗaki, hankalinta akuya ne. Da ta ɗaga hannu sai ya tsinke ya tafi kasuwa, ya leƙa tukunyar kalwa, ya dawo mata da zancen maƙwabta. Don haka ta nemo wa kanta magani. Kowace asuba, bayan ta sallame salla, sai ta ba kanta labari a hankali, na wata matafiya da ta fita neman ƙofar Sarkin da ya fi kowane sarki. Kullum takan ƙara taki kaɗan, yau kogi, gobe daji, jibi wata tsohuwa a gindin kuka. In labarin ya kai inda zuciyarta ta yi laushi, sai ta ajiye shi ta yi addu'arta. Shekara ashirin tana wannan tafiya a kan buzu, kuma ba ta taɓa barin matafiyar ta isa ƙofar ba.

Liman ya taɓa jin ƙishin-ƙishin ɗin abin, ya ce mata, "Tabawa, ƙarya a kan buzun salla?"

Ta ce, "Allah gafarta malam, ai ba labarin nake roƙo ba. Share wuri nake yi da shi kafin in zauna."

Liman ya sosa gemu, bai ce e ba bai ce a'a ba.

'Ya'yanta shida. Babbansu Haladu, magidanci mai shekara talatin da huɗu, mai yasar rijiya. Shi ne ɗan fari, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a ƙasarmu. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Tabawa kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa, har ana ba amare misali da ita. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan nan ba. In ta matsu sai ta ce "yaron nan" ko "wancan".

Ran nan cikin bazara, da hantsi, Haladu yana can ƙasan rijiyar bayan gari, gaba goma sha biyu, sai gefen rijiyar ya rufta a kansa.

Labari ya iso gida Tabawa tana bakin turmi. Hajo, matar Haladu, ta faɗi tana birgima a tsakar gida. Maza suka kwashi fartanya da kwanduna suka ruga. Mata suka cika gidan. Tabawa ta ajiye taɓarya a hankali, ta zauna a kan kujera, ta ce, "Allah na nan." Ko ƙwalla ba ta yi ba, don uwa ba ta kuka kan ɗan fari a gaban jama'a.

Mata suna ta cewa, "Kai, sannu Tabawa. Wannan haƙuri naki sai ke."

Haƙuri ina? Ƙafafunta so suke su ruga bakin rijiya, hannayenta so suke su yi haƙa da farce. Amma idanu sun yi mata yawa, ga shekara talatin da huɗu sun danne ta a kan kujerar nan. Haka ta zauna kamar an dasa ta har aka kira azahar.

Ta shiga ɗaki ta saki labule ta yi salla. Ta ɗaga hannu. Kalmomin nan masu daɗi da take rabawa a gidajen biki suka zo da gudu, ta jero su, ta ji ko ɗaya bai taɓa zuciyarta ba. Ta ce, "Ya Allah, yaron nan..." sai maganar ta tsaya. Ta sake, ta tsaya. Tsoro ya kama ta. Ɗanta yana ƙarƙashin ƙasa, abu ɗaya ne kawai take iya yi masa a duniya, shi ma ya gagare ta.

Ta san rana ce. Ta ga hasken yana shigowa ta ƙasan labule. Amma ba ta da wata dabara, don haka ta runtse ido ta ce a hankali, "Matafiya ta tashi, ta kama hanya."

Ba ta rufe baki ba sai ta ji buzu yana nutsewa da ita. Ƙasan ɗakin ya buɗe, ta yi ta gangarawa cikin iska mai sanyi, ta wuce saiwoyin itatuwa, ta wuce jan yumɓu da farin yumɓu, har ta dira a kan ƙafafunta, ba takalmi, daga ita sai mayafi da carbi.

Gabanta kogi ne, amma ba na ruwa ba. Yashi ne yake gudu yana tumbatsa, yana ƙugi, yana tafe da kututture da ƙasusuwan raƙuma. A bakin gaɓa ga wani dogon aljani tsaye cikin ƙatuwar ƙwarya, fuskarsa a ƙeya, yana riƙe da sandar tuƙi. Tabawa ta gane shi nan take, don ita ta ƙage shi wata asuba cikin damina, shekarun baya.

Aljanin ya ce, "Maraba da uwar labari. Mun daɗe muna jin muryarki daga sama, yau ga ki da ƙafarki."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Mai Fito, ɗana yana ƙarƙashin ƙasa. Kai da kake sarrafa yashi, ka ɗage masa wanda ya danne shi."

Ya ce, "Fito kika ba ni, ba ki ba ni ceto ba. Abin da zan iya shi ne in haye da ke. Amma ƙwaryata ba ta ɗaukar mai kaya."

"Ai ba ni da kaya."

"Bakinki cike yake. Zubar da kalmomin da kike yi wa mutane ado da su, ko mu nutse tare."

Ta shiga ƙwaryar, yashi ya fara haɗiye ta. Ta buɗe baki za ta roƙe shi, sai kalmomin suka fara zubowa kamar ɓawon gyaɗa, duk jerin nan da ake yaba mata, duk salon da ke sa mata su ce amin da ƙarfi. Suka zube cikin kogin, yashi ya tafi da su. Ƙwarya ta taso. Tabawa ta taɓa bakinta ta ji shi fayau, ta ji ta zama kamar wadda aka tuɓe a kasuwa. Suka haye, yashi yana dukan fuskarta, ƙasusuwa suna karo da ƙwaryar.

A ɗaya gaɓar Mai Fito ya ce, "Bi hanyar nan har gindin kuka. Wataƙila ta can ta fi ni."

Ta yi ta tafiya a kan tsakuwa mai zafi har tafin ƙafarta ya tsage. Ta ratsa wani daji da itatuwansa ke tafiya suna sauya mata hanya, ta ratsa wani fili da inuwar mutum ke gaba da shi tana yi masa gwalo. Daga nan ta iso gindin wata kuka da ba a ganin ƙarshenta. Tsuntsaye ne ko'ina, dubbai, suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya suna ɓacewa cikin haske. A gindin kukar wata tsohuwa ce zaune, gashinta fari ya kewaye itacen sau bakwai. Ita ma Tabawa ce ta ƙage ta, ta sa mata suna Uwar Tsuntsaye.

Tabawa ta ce, "Sannu da hutawa, Iya. Kina da fukafukai dubu a hannunki. Ki aika su su tone mini ɗana."

Tsohuwar ta ce, "Waɗannan ba nawa ba ne, 'yar nan. Addu'o'inki ne. Tsaronsu kika ba ni, ba ki ba ni ikonsu ba. Dubi can."

Ta nuna mata masu tashi. "Waɗancan na 'yarki Dije ne, waɗancan na ɗanki Sale, waɗancan na autarki. Kin ga yadda suke tafiya. Yanzu ɗaga kai ki dubi reshen nan na hagu."

Tabawa ta ɗaga kai. Reshen ya ranƙwafo don nauyi. Tsuntsaye ne jere a kansa, sun fi kowaɗanne yawa, sun fi kowaɗanne girma, amma ko motsi ba sa yi. Kowanne da zare a ƙafa, zaren ya sauko ƙasa. Ta bi zaren da ido, sai ta ga ƙarshensa a ɗaure a yatsunta.

Ta ce, "Iya, na wa ne waɗannan?"

"Kin sani."

"To me ya hana su tashi? Ai Wanda nake roƙo ya san wanda nake nufi."

Tsohuwar ta ce, "Ya san shi tun ba ki san kanki ba. Babu abin da ya ɓoye masa, kuma yana amsa wa wanda ya so ko da bai buɗe baki ba. Ba daga can matsalar take ba. Ke ce kike saki da hannu ɗaya kina riƙewa da ɗaya. Kunyar da aka ce ki ji ta mutane ce, ke kuma kika shiga da ita har inda ba kowa sai ke da Mahaliccinki."

Tabawa ta kama zaren tana ja, ta sa haƙori, ta ɗauki dutse ta daddatsa. Ko gezau. Yatsunta suka yi jini.

"Ki tsinke mini, Iya, don girman Allah."

"Ba ni da wuƙar. Wuce gaba, Birnin Ƙagaggu yana bayan kwarin hayaƙi. Sarauniyar da kika naɗa tana can, wataƙila ta fi ni. Amma ki yi sauri, don inuwa ta fara karkata, ƙasa kuma ba ta jira."

Tabawa ta ruga. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma ranar ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa. Ta faɗa kwarin hayaƙi, inda ba a ganin tafin hannu, ana jin muryoyi suna kira daga dama da hagu. Tana lalube sai hayaƙin ya yaye, ta ga wata rumfa mai kyau da inuwa da randar ruwan sanyi. A ciki wani mutum ne fari tas, da rawani da murmushi, igiyoyi rataye kewaye da shi.

Ya ce, "Sannu da wahala, baiwar Allah. Sun yi ta tura ki gaba kamar marar gata. Zauna. Abin da kike nema yana nan."

Ya ɗauko wata igiya mai ƙyalli ya jefa bakinta cikin ƙasa. Ƙasar ta zama kamar ruwa, Tabawa ta hangi Haladu a can ƙasa, a takure ƙarƙashin wani dutse da ya tokare, ƙasa har ƙirjinsa, idanunsa rufe, leɓɓansa sun bushe. Igiyar ta sauka ta tsaya dab da kansa.

Ihun da ta riƙe tun hantsi ya kufce mata. Ta ce, "Ja shi! Don Allah ja shi!"

Mutumin ya ce, "Yanzu kuwa. Abu biyu kawai nake so, kuma ba su da wuya. Ki durƙusa ki ɗaga mini hannu yadda kike ɗagawa a kan buzu. Sannan ki ba ni sunansa, don igiyata ba ta kama wanda ban riƙe sunansa ba."

Kada ku ce da ku ne ba za ku yi ba. Ba ku ga fuskar ɗanku a cikin ƙasa ba. Gwiwoyin Tabawa suka lanƙwashe da kansu, hannayenta suka fara tashi. Ta buɗe baki za ta faɗi sunan. Harshe ya ƙi. Ta yunƙura, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya, kamar yadda ya saba tsayawa shekara talatin da huɗu. Abin da ya hana ta roƙon Allah, shi ne kuma ya hana ta roƙon wanin Allah.

Mutumin ya ce, "Faɗi mana! Numfashinsa ƙarewa yake!"

A cikin wannan ɗan jinkirin ta dube shi da kyau. Ta tuna Mai Fito, ta tuna Uwar Tsuntsaye, ta tuna asubar da ta ƙagi kowannensu. Wannan kuwa ta duba ta duba ba ta same shi ba.

Ta ce, "Kai wane ne? Ni ban ƙage ka ba."

Murmushin ya faɗaɗa har ya kai kunne. Ya ce, "Ni ba a ƙaga ni. Nakan shigo labarin kowa ta inda ya bar ƙofa a buɗe."

Tabawa ta sauke hannu ta yi a'uziyya da ƙarfi. Rumfar ta kama da wuta, igiyoyin suka zama macizai suka zubo, hoton Haladu ya dushe. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, don ko ƙarya ce, ta so ta ƙara ganinsa. Ta fita da gudu, macizai na bin ta, muryar mutumin tana bin ta tana cewa, "Kin kashe shi! Da hannunki kin kashe shi!" Tana gudu tana kuka tana cewa a ranta wataƙila gaskiya ya faɗa.

Kwarin ya ƙare a bakin wani rami marar ƙasa. An gitta zare guda ɗaya a kansa, siriri kamar na kaɗi. Can ƙetare ga ganuwar birni tana walƙiya. Ta tuna ita ta sa zaren nan a labari, tana jin daɗin yadda matafiyarta za ta sha wuya. Ta ce, "Kaico, da na san ni zan hau, da gada na gina." Ta taka. Zaren ya yanki ƙafarta, iska ta kaɗa ta, sau biyu tana zamewa tana kamawa da hannu. Ta isa da rarrafe.

Birnin Ƙagaggu ya wuce duk yadda ta kwatanta shi. Ganuwarsa ta azurfa, titunansa cike da mutanen tatsuniyoyin duniya, masu kai biyu, masu ƙafar jaki, 'ya'yan sarakuna da aka bari a tsakiyar labari suna jiran a ƙarasa su. Duk suka dare suka ba ta hanya. Ta wuce zaure bakwai na fada, kowanne da dogarai masu tsawon giginya. Tana tafe tana ƙarfafa kanta, don ta san abin da ta ba Sarauniyar nan: runduna dubu ta aljanu, masu ɗauke dutse da ɗan yatsa, masu shanye kogi da kurɓi ɗaya. In akwai mai iyawa, ita ce.

Ta shiga zaure na ƙarshe ta tarar da karaga ba kowa. Sarauniyar tana ƙasa a kan turɓaya, ta ajiye kambunta gefe, ta ɗaga hannaye sama, hawaye na zuba.

Tabawa ta faɗi gabanta ta ce, "Ranki ya daɗe, uwar rundunoni, na ƙetare yashi da hayaƙi da zare don in same ki. Ki ba aljani ɗaya umarni. Ɗaya tak."

Sarauniya ta juyo ta ce, "Ya ke wadda ta ƙage ni, kin ba ni runduna dubu, kuma a nan birnin suna ɗauke duwatsu. Amma a duniyarku, ni da su gaba ɗaya ba ma iya ɗaga ƙwayar yashi guda. Mu numfashin bakinki ne. In kin yi shiru mun kwanta."

"To ke wa kike roƙo?"

"Wanda kika ce in roƙa. Tun ranar da kika naɗa ni kika ce sarauniyar ma baiwa ce. Kin manta?"

Tabawa ta zauna daɓas. Ƙarfinta ya ƙare. Ba sauran wanda za a tura ta wurinsa, don ba ta ƙagi kowa sama da wannan ba. Ta ce, "Ashe wahalar banza na yi. Ɗana yana mutuwa, ni ina yawo cikin ƙaryar da na shirya da bakina."

Sarauniya ta ce, "Ba mu taɓa ce miki mu ne masu yi ba, kuma ke ma ba ki taɓa cewa ba. Aikinmu mu rako ki. Kin zo da zaƙin baki, an karɓe. Kin zo da haƙurin da ake yabo, ya zube a hanya. Kin ƙwanƙwasa kowace ƙofa kin ga ba kowa a ciki. Saura ɗaya, wadda kika yi shekara ashirin kina kewaye ta."

Ta nuna bayan karaga. Tabawa ta zaci za ta ga ƙofar zinariya. Sai ta ga wata 'yar ƙofa gajera, da tsohon labule.

"Ki raka ni, ranki ya daɗe. Tsoro nake ji."

"Iyakarmu nan. Babu ƙagagge da ke wuce labulen can. Wanda ke bayansa ba a ƙaga shi, ba a kwatanta shi, kuma ba a shiga wurinsa da ɗan rakiya."

"In na shiga zai fito mini da ɗana?"

Sarauniya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban sani ba. Ba a yi mana alkawarin wannan ba, ke ma ba a yi miki ba."

Ganuwar birnin ta fara zubewa kamar gari. Dogarai suka zama ƙura, karaga ta narke, Sarauniyar ta dushe tana ɗage da hannu. Tabawa ta rarrafa ta ɗaga labulen ta shiga.

Ɗakinta ne. Buzunta ne, ga randa, ga kwandon daddawa. Ana kiran la'asar. Tafin ƙafarta yana jini a kan buzun.

Ta tashi ta sake alwala da ruwan randa, ta yi salla, ta ɗaga hannu. Ta nemi kalma mai daɗi ko ɗaya ba ta samu ba. Ba abin da ya rage mata sai abin da ke cikinta.

Ta ce, "Ya Allah, ba ni da kowa. Ba ni da dabara. Ɗana ne. Ina son sa, tun ranar da na haife shi nake son sa, ban taɓa faɗa ba." Ta kifa goshi a ƙasa. "Haladu ne, ya Ubangiji. Haladu. Naka ne kafin ya zama nawa. In ka bar mini shi, na gode. In ka karɓa, ka karɓe shi da sauƙi, kada ya ji tsoro shi kaɗai a cikin duhu."

Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar mutuwar mijinta. Da ta ɗago, ta yafa mayafi ta fito. Matan tsakar gida suka ga idanunta. Wata ta ce, "Tabawa, ina za ki? Ai ba a..." Ba ta tsaya ba.

A bakin rijiya maza sun jiƙe da gumi, ana ta miƙo kwandunan ƙasa. Barmo, shugaban mahaƙa, ya sa an soka dogon bututun ƙarfe ta gefen ruftawar don iska ta shiga. Da ya ga Tabawa ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Inna, ki koma gida. Tun azahar muke kira ta bututun nan, ni da ƙannensa da liman, ba amsa. Saura gaba uku, kuma ƙasar tana ƙara zubowa. Sai dai haƙuri."

Ta wuce shi. Ta durƙusa a cikin taɓo a gaban mazan gari duka, ta kafa baki a bututun.

"Haladu!"

Masu haƙa suka tsaya da fartanya a sama. Tsofaffi suka dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

"Haladu! Haladu!"

Ta sa kunne. Shiru. Ta ji bugun zuciyarta kawai da zubar yashi. Ta sake kira har muryarta ta dushe, ta sake sa kunne.

Can daga nesa, ƙasa-ƙasa, aka yi tari. Sannan wata murya siririya ta taso a hankali.

"Wace ce?"

Bai gane ta ba. Ya san muryar kowa a garin nan in ta kira shi, ban da wannan.

Tabawa ta riƙe bututun da hannu biyu. Ta ce, "Uwarka ce."

Sannan muryar ta ce, "Kada ki tafi."

"Ba inda za ni."

Barmo ya daka tsawa, fartanyu suka sauka gaba ɗaya. Ƙasa tana fita kwando-kwando, wata tana zubowa daga gefe, ba wanda ya san wadda za ta riga wata. Tabawa ba ta iya haƙa, ba ta iya ɗaukar kwando. Ta zauna cikin taɓon, hannu ɗaya a sama, baki a bututu, in ta kira Allah sai ta kira ɗanta, shi kuma yana amsawa.

Nan na baro su, ban ƙara ko ƙwaya ba.